Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa: A Bar Ganga Ta Shiga Gidan Yari

Zuwa ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa, Alhaji Ibrahim El-Rashidin.

 

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wasu 'ya'yanka da ba sa zuwa gaisuwar Juma'a a fada, ba sa kallon hawan Salla, ba a kiransu ɗaurin aure ko suna, alhali a cikin garin nan suke kwana suke tashi. Ina nufin mutanen da ke tsare a babban gidan yarin Garwa, da 'yan'uwansu na Gider da Poli da Tchollire. Roƙona guda ne, kuma zan faɗe shi tun daga farko don kada tsawon magana ya ɓatar da shi. Ka sa baki, da girmanka da makaɗan fadarka da masu sana'ar garinka, a kafa koyon kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da aikin hannu a gidan yari, koyo na dindindin mai malami da ranaku sanannu, sannan a haɗa shi da unguwanni, yadda wanda ya koya a ciki zai tarar da mai karɓarsa ranar da ya fito.

Na san mabuɗin gidan ba ya hannunka. Tun watan Disamba na 2004 aka cire harkar gidajen yari daga ma'aikatar mulkin cikin gida aka mayar da ita Ma'aikatar Shari'a a Yawunde, kuma dokar 27 ga Maris 1992 ce ke tsara zaman fursunoni a ƙasar nan. Shugaban gidan yari ma'aikacin gwamnati ne, daga sama yake karɓar umarni. Da kuɗin abinci nake nema, ko sabon gini, da minista zan rubuta wa. Amma abin da nake nema rabinsa a ciki yake, rabinsa a unguwa, minista kuwa ba shi da lawan, ba shi da jauro. Maɗinka da mahauta da makanikan babur na garin nan ba shi suke jin nauyin su ce wa a'a ba. Kai suke jin nauyi. Kuma kafin zuwan Bature, a ƙasashen sarakunan Hausa da Fulani, tsararre amanar sarki ne, shi ake tambaya in ya wulaƙanta. Ikon ya koma wani hannu, amma a idon talaka haƙƙin uba bai tashi daga kanka ba.

Abin da mutanen gari ba sa son tunawa shi ne, kusan duk wanda ya shiga zai fito. In aka cire 'yan kaɗan masu ɗaurin rai da rai da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, sauran duka suna da ranar da za a buɗe musu ƙofa. Yaron da aka kama da wayar wani a babbar kasuwa, da ɗan acaban da tramol ya kai shi ga sara, da makiyayin da rikicin gona ya ci, da matar da faɗan kishiya ya ƙare mata a gaban alƙali, kowannensu zai dawo Yelwa ko Lopere ko Rumde Ajiya ko Pumpumre ko Jambutu. Zai bi ta ƙofar gidajenmu da dare. Zai zauna a majalisar shayi tare da ƙannenmu. Saboda haka abin da yake yi da wuninsa a can ciki, daga asuba zuwa lokacin da za a rufe ɗaki, maganar tsaron gidan kowa ce, har da wanda bai taɓa taka ƙofar kurkuku ba.

To me yake yi da wunin? Mafi yawa zama. Alƙaluman 'yan shekarun nan suna nuna mutum fiye da 30,000 a gidajen yarin Kamaru, waɗanda aka gina don kimanin 20,000, kuma fiye da rabinsu ba a ma yanke musu hukunci ba, jira suke. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007, ta ƙayyade tsarewar jiran bincike da wata 6, ta yarda a ƙara wata 6 a ƙananan laifuka, wata 12 a manya. Ko da an bi dokar sau da ƙafa, mutum na iya yin shekara ɗaya da rabi bai san matsayinsa ba. A maƙwabciyarmu Marwa, ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2016 cewa gidan da aka gina don mutum 350 yana ɗauke da kusan 1,500, bayan ta riga ta ba da labarin mutuwar aƙalla mutum 40 a can tsakanin Maris da Mayu na 2015. Mu da muka san zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, mutum yana kwana a tsakar gida yana neman iska, ba sai an kwatanta mana ɗakin da aka cunkusa ƙarti a ciki aka ja ƙofa ba. Saurayi ɗan shekara 20, mai jini a jika, a zaunar da shi haka wata da watanni ba abin yi, malamin da zai samu shi ne na kusa da tabarmarsa. In tsohon ɗan fashi ne, karatun da zai sauke ke nan. Ya shiga da satar waya, ya fito ya san inda ake sayar da bindiga.

Na san abin da za a fara ce mini, kuma masu faɗarsa ba su yi ƙarya ba: mai jin yunwa tuwo yake nema, mai ƙazuwa magani, wanda takardarsa ta kwana a kotu lauya. Rawa ba ta cika ciki. Na yarda, kuma duk wanda zai kawo ganga don a rufe maganar abinci da cunkoso da jinkirin shari'a, ni ne farkon wanda zai yi faɗa da shi. Amma shekara nawa muke jiran ranar da abincin zai wadata, a gina ɗakunan, a gama shari'un, sannan mu waiwayi zuciyar mutum? Cikin shekarun jiran nan dubbai sun shiga sun fito, da yawansu sun koma. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a Disamba 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, ba su ajiye wannan a sahun kayan alatu ba. Ƙa'ida ta 105 ta wajabta samar da wasanni da harkokin al'ada a kowane gidan yari saboda lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, ta 23 ta ba kowa aƙalla sa'a guda a sarari kullum. Shi kansa mai sunan, a kurkukun tsibirin Robben, ya fito a wasan kwaikwayon Antigone da fursunoni suka shirya, ya hau matsayin sarki Kiriyon. Mutanen da suke fasa dutse da rana ne suka ga ya dace su yi wasa, domin sun san abin da zaman banza ke yi wa hankali.

Ranka ya daɗe, bari in tsaya a kan rawar kanta, domin a nan ne ake yi mata kallon raini. Duk wanda ya taɓa shiga layin rawa ya san ba tsalle-tsalle ba ne. Dole ka saurari ganga, ka ajiye ƙafa a lokacin da ta ce, ba lokacin da ranka ya so ba. Dole ka lura da na damanka da na hagunka, in ka yi gaba da su ka ɓata layi, in ka yi baya ka ɓata. Za ka yi kuskure a gaban mutane, a tsayar da kiɗa saboda kai, a gyara maka, a sake, kuma ba wanda ya mare ka, kai ma ba ka zaro wuƙa ba. Da yawa daga cikin samarin da ke tsare ba su taɓa sanin gyara ba sai da duka ko zagi, shi ya sa duk wanda ya ce musu sun yi ba daidai ba suke jinsa kamar ya tsokane su faɗa. Wata shida na zuwa atisaye a kan lokaci, da jiran naka juyin, da haƙuri da wanda ƙafarsa ta fi taka nauyi, tarbiyya ce da babu wa'azin da zai shigar da ita jikin mutum da sauri haka. Kuma ita ce dai tarbiyyar da mai gareji ko mai shagon ɗinki yake nema a wurin yaronsa: ya zo da wuri, ya ji gyara, ya yi aiki da wasu.

Akwai kuma gajiya mai kyau. Jikin da ya yi sa'a biyu yana aiki yana samun barci, mai barci kuwa ba ya kwana yana ƙulla wa wani sharri. Gandurobobi su ne za su fara cin ribar wannan.

Sai maganar haɗuwa. Babu wurin da ya tara jinsin mutanen Arewa a ɗaki guda kamar gidan yarin Garwa: Bafulatani da Bahaushe da Bafali da Bagidar da Batupuri da Mundang da mutanen Cadi da na Najeriya, Musulmi da Kirista. A zaman takura kowa yana komawa cikin nasa, ƙaramin saɓani ya zama na ƙabila. Amma kowannensu ya zo da wani abu a ƙafarsa da maƙogwaronsa. Tupuri suna da gurna, wadda ba rawa kaɗai ba ce, ƙungiya ce mai dokoki da shugabanni, mai waƙoƙin da ke tsawata wa mai mugun hali a cikin al'umma. Gidar sun shahara da rawarsu har a bukukuwan ƙasa. Mu muna da kalangu da garaya da gurmi, Fulani suna da molo da sarewa. Ranar da Batupuri ya zama malamin Bahaushe na sa'a guda, gobe Bahaushen ya koya masa riƙon kalangu, an rage wani abu daga wutar da ke ci a ɗakin.

Wasan kwaikwayo ya fi shiga wuri mai zurfi. A ba yaron da ya ƙwace jakar wata mata matsayin matar, ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ke cikin jakar, kuɗin asibitin ɗanta ne ko jarin ƙosanta. Alƙali ya faɗa masa ya yi laifi, ya ji da kunne. A nan zai ji da bakinsa. Ban ce kowa zai tuba ba. Na ce an buɗe masa hanyar da zai ga wanda ya cuta a matsayin mutum, abin da zaman ɗaki bai taɓa yi wa kowa ba.

Ba daga Turai na ɗauko wannan ba, a ƙasarmu aka yi. A gidan yarin New Bell na Duwala, wanda ya yi suna wajen cunkoso, wata 'yar Italiya mai zane, Dione Roach, da ta zo aiki da ƙungiyar COE, ta fara da koyar da zane da shirya rawa. A 2018 aka gina ɗakin ɗaukar waƙa a cikin gidan, aka kira shi Jail Time Records. Wanda ya riƙe na'urorin, Steve Happi, shi kansa a tsare yake a lokacin, kuma da ya fito bai juya wa wurin baya ba, ya ci gaba da aikin. A 2022 suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko, aka saurare shi a ƙasashen waje. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne sun gane cewa ranar fita ita ce ranar haɗari, sai suka buɗe wani ɗakin a cikin gari domin waɗanda aka saki su sami wurin zuwa. Ita wannan COE ba baƙuwa ba ce a Garwa, ta daɗe tana aiki da yaran titi a nan. A Malawi, waƙoƙin da aka ɗauka a kurkukun Zomba a 2013 sun kai ga shiga takarar kyautar Grammy ta 2016. A Amurka, wani shiri irin wannan da aka fara a kurkukun Sing Sing a 1996 yana cewa cikin waɗanda suka bi ta hannunsa, waɗanda suka koma kurkuku ba su kai 3 cikin 100 ba, a ƙasar da fiye da rabin waɗanda ake saki suke komawa. Lissafin nasu ne, kuma mai shiga irin wannan shiri da ƙafarsa dama ya fara neman canji, don haka ba zan ɗora wa rawa duka ladan ba. Amma mai neman canjin ma sai ya sami inda zai dafa.

Akwai misalin da nake so a guje masa. A 2007 duniya ta kalli bidiyon fursunoni kusan 1,500 na kurkukun Cebu a Filifin, sanye da tufafi ruwan lemo, suna rawar wata waƙar Michael Jackson. Miliyoyi suka kalla, baƙi suka riƙa zuwa kallo. Daga baya aka yi ta tambaya ko da son ransu suke yi, da kuma wa ya ci ribar sunan. Ba na roƙon a fito da 'ya'yan mutane a jera su gaban manyan baƙi ranar bikin ƙasa na 20 ga Mayu, a tafa, a ɗauki hoto, a mayar da su ɗaki. Wannan ƙarin wulaƙanci ne. Mu a Arewa muna da dalilin yin hattara na musamman, domin a Tchollire aka yi sansanin da gwamnatin farko ta ce na sake tarbiyyar 'yan ƙasa ne, aka tsare masu saɓanin ra'ayin siyasa shekaru ba shari'a. Duk gyaran da aka yi wa mutum da tilas, tsoro yake koya masa. Sai wanda ya so zai shiga. Kada a ɗauki fuskar kowa a yaɗa a Facebook ba da yardarsa ba, musamman wanda ba a yanke wa hukunci ba. In aikin ya kawo kuɗi, a rubuta rabon kowa, a ajiye masa har ranar fita. Kuma kada shiga ajin ya zama abin saye a hannun manyan ɗaki, ya koma na masu gata.

Yanzu ga malamanmu, Allah ya ƙara musu daraja, domin na san maganar za ta iso zaurensu kafin ta isa ko'ina. Damuwarsu tana da tushe. Kiɗa yana tunzura mutum zuwa ga abin da aka kaɗa masa. Duk Bahaushe ya san abin da gangar tauri ke sa ɗan tauri ya yi, kuma mun san mawaƙi Gambo ya yi zamani yana wasa ɓarayi kafin ya bar wannan hanya. Wanda ya ce kiɗa ba ya komai bai san kiɗa ba. Amma wannan hujja ce ta a zaɓi abin da za a kaɗa da wanda zai kaɗa, shi ya sa nake son abin ya bi ta fada, inda akwai liman da alƙali da dattawa masu tacewa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasansu na mashi a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar su, Nana A'isha tana kallo. Maza su yi nasu, mata su yi nasu da malama mace. A tsaya lokacin salla. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ganga ba, ga waƙoƙin bege, ga rubutun allo da zayyana, ga ɗinkin hula da aikin fata da saƙar tabarma, Kirista kuma ga ƙungiyar mawaƙan coci. Ai a kurkuku Annabi Yusuf, alaihis salam, ya yi wa abokan zamansa fassarar mafarki, kuma ta hanyar wanda aka saki daga cikinsu ne labarin baiwarsa ya isa kunnen sarki.

Abin da ya sa nake ganin Garwa ta fi ko'ina dacewa shi ne komai yana nan, haɗawa ce kawai babu. Fadarka tana da masu algaita da kakaki da ganguna waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, da yawansu suna kukan 'ya'yansu sun ƙi gado. Garin nan ne ya haifi marigayi Ali Baba, wanda ya yi rawa a ƙungiyar rawa ta ƙasa, ya fitar da kiɗan Arewa zuwa duniya, kuma a nan Isnebo da Faadah Kawtal suka tashi. Muna da cibiyar horar da malaman matasa da wasanni ta CENAJES, wadda ɗalibanta ke buƙatar wurin gwajin aiki. Muna da cibiyar al'adu ta Alliance, mai dandali da masu wasan kwaikwayo. Tun 2022 muna da jami'armu, da sashenta na fasahar zane da ƙira. Muna da kamfanin auduga na SODECOTON da attajiran da ke raba shinkafa da sukari a gidan yari da azumi, Allah ya saka musu, waɗanda kuɗin fatar ganga da ɗan alawus na malami biyu ba zai gagare su ba. Kowannensu yana jiran wani ya kira shi. In takarda ta fito daga fada, ba wanda zai ƙi zuwa.

Ga yadda nake ganin za a fara, ba da girma ba. Ka kira shugaban gidan yari da wakilin Ma'aikatar Shari'a na jiha ka ji ta bakinsu, domin su suka san inda tsaro ke da rauni, kuma in ba su ɗauki abin nasu ba, ba zai yi wata uku ba. A nemi rumfa guda a cikin gidan, yini biyu a mako, da safe kafin rana ta yi zafi. A fara da ɓangaren yara masu ƙananan shekaru, su ne ƙashinsu bai gama ƙwari ba, kuma su ne suka fi saurin ɗaukar darasin manyan ɗaki. A sa mata a lissafi tun ranar farko. Ba su da yawa, shi ya sa ake mantawa da su, alhali su ne dangi suka fi gudu, wasu ma da goyo suke zaune. A sa gandurobobi biyu ko uku a cikin tsarin, a ba su nasu haƙƙin, kada su ga an zo an ƙara musu aiki an tafi da yabo. Malamin da za a tura a biya shi, ko kaɗan ne, domin aikin sa-kai yana mutuwa ranar da mai yinsa ya rasa kuɗin mai. Abin da zai kashe shirin shi ne a yi bikin buɗewa da jawabai, a zo sau uku, a ɓace. Mutumin da ke tsare ya saba da masu alkawari su tafi, in aka sake yi masa haka an ƙara tabbatar masa da abin da yake zato game da mu.

Sau ɗaya a shekara, bayan Salla, a yi wasa a cikin gidan, a gayyaci iyaye da mata da 'ya'ya, ba manyan gari kaɗai ba. Ka je da kanka in hali ya yi, ko ka tura Galadima. Uwar da rabonta da ganin ɗanta tun yana tsaye gaban alƙali da ankwa, ta gan shi yana jan layi mutane suna tafa masa, za ta koma gida da wani labari dabam da za ta ba mahaifinsa. Sau da yawa daga nan sulhu ke farawa.

Sai rabi na biyu, wanda ya fi wuya, kuma wanda ba mai iya shi sai kai. Ranar da aka saki mutum yana fitowa da 'yar ledarsa, wani ko kuɗin babur babu. A unguwa sunansa ya riga ya canza, ya zama tsohon fursuna. In akuya ta ɓata shi za a fara kallo. In ya nemi aure a ce a bincika, in ya nemi aiki a ce a dawo gobe. Mutanen da za su karɓe shi hannu biyu, su saya masa shayi, su ce sun yi kewarsa, su ne waɗanda suka kai shi ciki. Cikin 'yan makonni an gama. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mu kullum yankewa muke, sannan mu yi mamakin wari.

Abin da nake roƙo shi ne, wata guda kafin a saki wanda ya bi wannan koyo, sunansa ya iso fada, in ya yarda. Fada ta sanar da jauron unguwarsu. Jauro ya je ya zauna da iyayensa, ya nemo masa ubangida a sana'ar da ya koya ko wadda ya iya tun da, ya raka shi da kansa ranar farko. Wanda ya ƙware a kiɗa, sarkin makaɗa ya sa shi a ayarinsa, ya bi su gidan biki ya ci abincinsa. Ba kowa zai zama makaɗi ba, kuma ba shi ne nufin ba. Mafi yawa za su koma acaba da gini da noman auduga da dako a kasuwa. Abin da za su fito da shi shi ne shaidar wani dattijo da zai iya cewa, na zauna da yaron nan wata takwas, bai taɓa makara ba, na tsaya masa. A garin nan wannan kalma ta fi kowace takarda mai hatimi. Gwamnati ta kafa kwamiti tun Nuwamba 2018 domin karɓar waɗanda suka ajiye makaman Boko Haram a mayar da su cikin jama'a. In ana neman hanyar dawo da wanda ya ɗauki bindiga, wanda ya saci buhun masara bai kamata ya rasa mai raka shi gida ba.

Akwai kuma abin da muryarka za ta iya isarwa Yawunde. Dokar laifuka ta 12 ga Yuli 2016 ta kawo hukuncin yi wa jama'a aiki a madadin ɗauri a kan ƙananan laifuka, da hukuncin biyan wanda aka cuta. In ana aiki da su yadda ya kamata, da yawa daga cikin yaran nan ba za su kwana a ciki ba tun farko, ɗakunan su sami iska, masu koyarwa su sami wurin shimfiɗa tabarma. Alƙali yana buƙatar ya san akwai wanda zai riƙe yaron a waje ya tabbatar ya yi aikin. In masarautar Garwa ta ce ga lawanai da jaurori a shirye, ta cire wa kotu babban uzuri.

Ban manta da waɗanda aka cuta ba, ranka ya daɗe. Akwai gidajen da aka yi garkuwa da mai gidansu a dajin Mayo Rey aka sayar da garke aka biya fansa, akwai yaran da ɗan fashi ya mayar marayu. In suka ji ana maganar ganga a kurkuku ransu zai ɓaci, kuma suna da haƙƙin ɓacin rai. Ba na neman a rage wa kowa kwana ɗaya daga hukuncinsa saboda ya iya rawa. Hukunci na alƙali ne. Abin da nake nema shi ne kada a sami gida na gaba da za a yi wa irin abin da aka yi musu, daga hannun mutumin da muka riƙe shekara biyar muka sake shi ya fi da muni. In ka kira zaman farko, ina roƙon a sa wakilinsu a ciki, a ji ta bakinsu kafin a kaɗa komai.

Ina roƙon a karanta wannan takarda a gaban majalisarka, a ba sarkin makaɗa da limamin gari dama su faɗi ra'ayinsu, sannan a aika wa shugaban gidan yari ya sa ranar da zai zo fada. In na yi kaushin harshe a wani wuri, a yafe wa talaka.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya fitar da na tsare lafiya, ya kiyaye na waje.

Wassalam,
Talakanka mai biyayya, daga Garwa.